Wasiƙa daga Yamai: kar ku bar shi kwance haka nan

Assalamu alaikum mutumina, ina gajiya, ya baƙunta, ya Abijan? Nan Yamai lahiya lau sai zafi, mutanen Tawa ma duk suna gaida ka.

Na saurari bokal ɗinka, saƙon muryar da ka aiko, kan yaron nan da kuke ɗaki ɗaya, wai in ya sha kutuku, giyar gida ta can, ya faɗi sai ku ja shi kan tabarma ku bar shi ya yi barci ta sake shi. Wallahi hankalina bai kwanta ba, mu da ke aikin dare a likita mun san inda barcin nan ke kai mutum. Giya ba ta tsayawa don an aje kwalba, wadda ke ciki tana ci gaba da shiga jini, kana ganin shi yana minshari alhali hawa take ƙara yi. Da garam cikin lita guda ta jini ake auna ta. A 0.5, iyakar tuƙi kenan a Faransa, ido da hannu sun riga sun yi nauyi ko da yana rantsuwa garau yake. Daga 1 zuwa 2 sai tangaɗi, harshe ya karye, in ta wuce 3 ana maganar dogon suma ne, wajen 4 kuwa numfashin kanshi na iya tsayawa. Hanta kuma ba ta gaggawa, 0.1 zuwa 0.15 take ragewa a awa, kafe ko shayi mai ɗaci ko ruwan sanyi ba su ƙara mata sauri ko kaɗan.

Kwanaki ƴan wata fada suka kawo mana abokinsu kan moto, sun sa shi tsakiya, riga jagab da ruwan da suka yi ta kwara mishi, leɓɓa sun yi duhu, jiki sanyi ƙalau cikin wanga zafi. Rigingine suka bar shi har amai ya koma mishi huhu, sun ƙi kawo shi da wuri wai kar babanshi ya ji, ga shi ya haɗa da tramol wanda shi ma danne numfashi yake. Ya tashi dai, da ƙyar.

Haramun ce kowa ya sani, wa'azin ku aje shi sai ya farka. Daren nan ku kwantar da shi ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, kar a ɗura mishi komi a baki, wani ya zauna kanshi yana ƙirga numfashi. In bai kai 8 a minti ba, ko yana yankewa kamar sakan 10, ko kun mintsine shi bai motsa ba, ku kai shi likita nan take ku faɗi gaskiyar abin da ya sha. In ya farka yana cewa yana ganin hazo ma kar ku jira, giyar gida wani lokaci da gubar metanol cikinta, makantarwa yake.

Kilishin da ka ce sai na samu mai zuwa. Ka gaida min ƴan ɗakinku duka.

Naka amini, daga Yamai