Maganar Mai Kantin Bakin Masallaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, Allah ya sa haka, amin. Mu nan alhamdu lillahi, an yanke gero, riɗi ma ya yi kyau bana. Su Inna suna gaishe ka, suna tambaya ko Legas ta hana ka zuwa Sallah.

Aboki, wata magana ce ta hana ni barci. Ka tuna mai kantin bakin masallacin Juma'a, mutumin Damagaram ɗin nan da yake ba mu sukari da sabulu bashi, ya rubuta a littafi da ajami? Tun muna samari ya zo garin nan, a nan ya yi aure, 'ya'yansa duk a nan aka yanke musu cibiya. To yau shi ne ba ya iya haɗa ido da kowa.

Ka san yadda yake da 'yan sanda. Kowace Alhamis in ya taso daga kasuwar Maigatari da kaya, sai ya ajiye na goro a kowane shinge. Abin ya ƙaru tun da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ya sake ƙaruwa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Har ta kai wasu daga cikinsu suna zama a bencinsa da yamma, su sha lemo, su ɗauki taba, ba ko sisi. Shi a ganinsa ya sayi zaman lafiya ne.

Watan jiya kuɗi suka ɓace a akwatinsa. Ya zargi yaron kantinsa, marayan nan na unguwar gabas. Maimakon ya je wurin mai unguwa ko dagaci kamar yadda aka saba, sai ya kira mutanensa 'yan sanda, wai su ɗan tsorata yaron. Suka sa masa ankwa, suka wuce da shi, ya kwana huɗu a bayan kanta. Da idona na gan shi ranar da aka sako shi. Tafin ƙafafunsa sun kumbura don dukan kulki, ba ya iya takawa sai an riƙe shi, hannun hagu kuma sai da aka kai shi wurin mai ɗori. Kakarsa ta zauna a ƙasa tana shafa masa man shanu, ba ta ce uffan ba. Kuɗin kuwa daga baya aka gan su a cikin buhun omo, inda mai kantin ya ɓoye da kansa ya manta.

Tun a kwana na biyu ya koma ya ce ya janye ƙara. Suka ce ai ba a shiga caji ofis a fita haka nan, sai ya biya kuɗin beli, alhali ga takarda manne a bango an rubuta beli kyauta ne. Ya sayar da tumaki biyu ya biya. Da ya ce zai kai kuka gaba, sai ɗaya ya tambaye shi ina takardarsa ta zama a ƙasa, tunda Nijar ta fita daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Nan jikinsa ya mutu. Gaskiya ne ta fita ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar da kanta ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen Nijar, su shiga su fita ba biza har sai an sanar da wani abu dabam. Wa zai gaya wa mai tireda a ƙauye wannan?

Ba na wanke shi. Ya yi laifi babba, kuma na faɗa masa a gaban idonsa, ya yi kuka. Amma abin da yake ƙona min rai shi ne samari suna cewa a ƙona kantin a kore shi, ba wanda ya ambaci waɗanda suka riƙe kulkin. An bar jaki ana dukan taiki. Tsarin mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har na shekara 25. An rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, a Oktoban 2020, mu dai a ƙauye ba mu ga abin da ya canza ba.

Yanzu ya yarda zai ba da shaida, zai faɗi har na goron da yake bayarwa, in dai akwai wanda zai tsaya masa. Dagaci ya ce zai raka mu Dutse, ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Don Allah ka nemo mana lauya mai tsoron Allah cikin mutanen da ka sani a Kano ko Dutse, ka turo min lambarsa kafin Juma'a. Hotunan ƙafafun yaron suna wayata, takardar asibiti kuma tana hannun kawunsa.

Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka abokinka na kullum.