Idan kulocin tsohon babur ya ƙi saki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku don jan hankalin masu tsofaffin babura, irin su Jincheng da Honda CG125 da Boxer, kan wata asara da ake yawan tafkawa a gareji. Mai babur zai zo da kukan cewa ya matse kuloci har ƙarshe amma giya na shiga da "ƙwas", babur na ƙoƙarin tafiya yana tsaye, firi kuma ta yi wuyar samu. Nan take sai yaron gareji ya ce a sayo sababbin farantan kuloci. Alhali farantin da ya cinye zamewa yake sawa: injin na kuka, babur ba ya gudu. Ƙin saki ciwo ne daban, kuma galibi daga waje yake.

A fara da wayar kuloci. Wasan da ke bakin hannun kuloci kafin a ji nauyi ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 10 zuwa 20. In ya zarce haka, jan da hannun ke yi ba ya isa ya raba farantan. A ɗaure daga notin da ke gindin hannun, in bai isa ba a koma na ƙasa kusa da injin. Wayar da silinta ya fara tsinkewa miƙewa take yi kamar roba, duk ɗaurin da aka yi mata kwana biyu ne. Canza ta za a yi. A duba ramin kusar hannun ma, don in ya yi faɗi yana cinye rabin jan.

Jincheng mai zubin Suzuki AX100 tana da wani sukurun saiti a jikin injin. A sassauta notinsa, a juya sukurun ciki har a ji ya taɓa, a dawo da shi kwata ɗaya na zagaye, sannan a ɗaure notin ana riƙe da sukurun.

Sai baƙin mai, wanda nan ne mutanenmu suka fi cutar kansu. Kulocin waɗannan babura cikin mai yake iyo. Man da ya tsufa, ko mai kaurin tsiya irin na giyar mota da wasu ke zubawa wai don injin ya daina ƙara, manne farantan yake yi kamar ƙaro. Cika shi fiye da kima ma haka. Alamar a fili take: da sanyin asubar hunturu abin ya yi tsanani, in injin ya yi zafi ya lafa. A juye man da ɗuminsa, a zuba 20W-50 na babur. CG125 kusan lita 1 take sha, amma sandar awo ce alƙali.

Babur ɗin da ya yi watanni a jingine kuwa, farantansa kan haɗe wuri guda. A tayar da shi a firi ya yi zafi na minti 10, a kashe, a sa giya ta biyu ko ta uku, a matse kuloci a riƙa tura shi gaba da baya har ya ɓalle. Kada a buga masa giya injin na kuka, haƙoran giya ne za su biya.

In duk wannan bai yi ba, to a buɗe murfin kulocin. A sassauta kusoshin sifirin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, kuma a jera farantan yadda suka fito. Kowane farantin ƙarfe a kwantar da shi kan gilashi. In yana rawa, ko ma'aunin milimita 0.2 ya shige ƙarƙashinsa, ya lanƙwashe. Shuɗin da ke jikinsa shaidar zafi ce, kuma riƙe kuloci rabi-rabi a cunkoso da lodin buhuna ke jawo shi. Daga nan a shafa yatsa a bakin kwandon da farantan ke zama. Kunnuwan faranti kan sassaƙa masa tsagi kamar haƙoran zarto, sai su maƙale a ciki ko an matse hannun. Tsagi marar zurfi ana goge shi da fayil, daidai wa daida a kowane yatsa na kwandon. Mai zurfi sai sabon kwando, domin yawan guga na ƙara wasa, kwandon ya riƙa kaɗawa.

Kafin a rufe, a tabbata notin tsakiya bai kwance ba, kuma washa, wato zoben ƙarfen da ke tsakanin kwando da cibiyar kulocin da ke cikinsa, tana wurinta. Mantuwa da ita kaɗai na haɗe su biyun, kuloci ya ƙi saki gaba ɗaya bayan gyara. Sababbin faranti a jiƙa su cikin baƙin mai ko da na awa 1 ne, a sa sabon gasket, wato shimfiɗar bakin murfi mai hana yoyon mai, sannan a sake saita wayar daga farko.

Wassalam.

Wani makanikin babura,
Kano