A fito mana da Sukuk na muhalli

Malam Edita, assalamu alaikum.

A Disamban 2017 Najeriya ta riga sauran gwamnatocin Afirka sayar da takardun lamuni na kare muhalli, na naira biliyan 10.69, ta ƙara na biliyan 15 a 2019. Daga cikin kuɗin aka kafa wa Jami'ar Bayero tashar lantarki mai aiki da hasken rana. Madalla.

Sai dai takardun na kuɗin ruwa ne, ni da maƙwabtana a Kantin Kwari kuwa ko kusa ba ma taɓa su. Sukuk kuwa takardun lamuni ne na tsarin Musulunci da babu kuɗin ruwa a cikinsu, kuma Indonesiya ta fitar da na muhalli tun 2018. Mu ma da Sukuk ake gina mana hanyoyi. Me ya hana Ofishin Kula da Basussuka fito da na dashen itatuwa a Yobe da Jigawa, inda rairayi ke binne gonaki?

Naka,
Mai sayar da atamfa, Kano