Gudummawar Zumuntar Mata ga masu bishara: a gyara lokaci da ajiya

Zuwa ga Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan'uwanmu mata na Zumunta a ECWA, COCIN, EYN, HEKAN da sauran ikkilisiyoyi, game da kayan da ake tarawa domin masu aikin bishara. ECWA tana da ƙungiyarta ta aika masu bishara, wato EMS, wadda ta samo asali tun 1948, kuma sauran ikkilisiyoyi suna da nasu ma'aikatan a ƙauyukan ƙasar nan da ƙetare. Mata ba sa rowa a wannan aiki. Abin da ke ɓata gudummawar shi ne ta isa a makare, ko ta isa ƙwari sun riga sun cinye rabi.

A fara da lissafi. Tiyar masara kusan kilo 2 da rabi ce, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Zumunta mai mata 40, kowa ta kawo tiya ɗaya, buhu guda ke nan. Gidan mai bishara mai mutum 6 da ke cin tiya ɗaya a rana zai ƙare buhun cikin kwana 40, wato yana buƙatar kamar buhu 9 a shekara, ban da baƙi, kuma gidan mai bishara ba ya rasa baƙi. Saboda haka buhu 2 da aka kai da waƙa da anko sau ɗaya a shekara abincin wata uku ne ma bai cika ba. Gara zumunta uku ko huɗu na gunduma ɗaya su haɗu su ɗauki gida guda har shekara ta zagayo. A kuma tsayar da kwanon awo ɗaya a ajiye wurin ma'aji, domin mudun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba.

A tara hatsi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da yake da araha. Amma an fi buƙatarsa daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau. Tsakanin nan ne ake asara, domin kowace mace daga gidanta ta kawo nata, wani ya bushe, wani da sauran danshi, kwano ɗaya mai danshi kuwa ya isa ya sa buhu duka ya yi fumfuna. Kafin a zuba, a sheƙe, a shanya a kan leda ko tabarma, kada a kan ƙasa. Sannan a gwada: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali 2 ko 3 na busasshen gishiri, a rufe a girgiza minti ɗaya, a bari minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya.

Wake da masara a sa su a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A duba ledojin kada a samu huda ko da ta bakin allura ce, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwarin suna mutuwa ne don rashin iska, shi ya sa yawan buɗewa a ɗiba yake lalata aikin. Kada a yayyafa wa wake maganin ƙwarin gona ko na sauro, guba ce, kuma yaran mai bishara ne za su ci. A kai kayan kafin ƙarshen Mayu. Ruwa na zaunawa, hanyoyin ƙauye da yawa sai babur, babur kuwa ba ya haye rafi da buhu biyu.

Na ƙetare nasu daban ne. Wanda ke aiki a Maraɗi ko Ƙonni da sefa yake sayen abinci, mu kuma da naira muke alkawari. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka adadin da aka tsayar shekarun baya ya zama ɗan kaɗan a hannunsa ko da ba a taɓa fashin aikawa ba. A rubuta alkawarin da kuɗin ƙasar da yake zaune, a canza da farashin ranar aikawa. A tuna sefar Nijar daban take da ta Chadi da Kamaru, ba a kashe wannan a kasuwar waccan. Ɗaukar hatsi a tsallaka iyaka ma wahala ce, ga kwastan ga kuɗin mota, ga shi an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A tura kuɗi ta ofishin mishan na ikkilisiya, su sayi gero a can.

Kafin a tara tsofaffin tufafi, Uwar Zumunta ta kira matar mai bisharar ta tambaye ta. Sau da yawa amsar kuɗin makarantar yara ce, ko gidan sauro, ko fitila mai aiki da hasken rana. Kuɗin kuma a sa a asusun banki mai sa hannun mutum biyu, kada a gauraya shi da na anko ko adashi, magatakarda ta riƙa karanta shiga da fita duk wata uku, tare da takardar shaidar karɓa daga wanda aka aika wa.

Daga wasu 'yan Zumuntar Mata,
Jos, Jihar Filato