Ɗan binciken da nake yi kan asalin Mormon

Malam Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili.

Ni dai ba masanin tarihi ba ne, son karance-karance ne kawai ya kai ni ga asalin 'yan cocin Mormon na Amurka, wato mabiyan Joseph Smith da ya buga littafinsu na addini, Littafin Mormon, a garin Palmyra na jihar New York a 1830, kwafi 5,000.

Abin da ya hana ni barci shi ne labarin wahayin da ya ce ya fara gani yana yaro, a rubutun da ya yi da hannunsa a 1832 Ubangiji (wato Yesu) kaɗai ya ambata, amma a na 1838 wanda cocin ya riƙe sai ga su biyu, wato Allah Uba da Yesu, sun bayyana masa, mabiyansa su ce ai ƙarin bayani ne masu suka su ce labari ne ya canja. Ni kam na fi ba na farkon nauyi, ya fi kusa da lokacin. Hotunan takardun suna nan a intanet kyauta, rubutun dai sai ka ƙura ido sosai.

Ga kuma shafi 116 na rubutun farko na Littafin Mormon da suka ɓace a hannun Martin Harris, marubucin Smith, a 1828, har yau shiru.

Naka mai karatu kullum.