Rahoton ayyukan shekarar 2024 daga kwamitin tallafin karatu

Assalamu alaikum 'yan uwa, iyayenmu da yayyenmu na ƙungiya. Ga rahoton bana, a yi haƙuri ya makara, ni kaɗai nake haɗa rasiɗai kuma kun san ina da aikin ofis.

Taron wata-wata an yi, sai na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar cike fom da muka yi a ajin firamaren nan ta bayan masallacin Juma'a. Kun san a Afrilu shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar bashin ɗalibai, NELFUND, hukumar da ke ba da bashin, suka buɗe shafinsu a Mayu, aka fara da makarantun tarayya kafin na jihohi. To yaranmu da yawa ko dai ba su ji ba ko kuma tsoro suke, wai bashi ne mai ruwa. Shi ya sa muka fara da malam, ya zauna ya ji bayani tukuna sannan ya yi wa iyaye magana: babu kuɗin ruwa, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma yana samun naira 20,000 duk wata na kashewa in ya nema, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na albashi. Wallahi da ya gama sai ga iyaye mata suna tura yara gida a ɗauko takardu.

Laftof uku muka samu aro, janareta na mai shagon caji ne bai karɓi ko sisi ba sai mai da muka zuba, Allah ya saka masa. Tun ƙarfe tara har aka kira magariba ana layi. Inda muka sha wahala shi ne sunaye, yaro a JAMB Muhammad, a NIN Muhammadu, a BVN kuma an sa sunan kaka a madadin na uba, wata yarinya 'yar aji biyu har kuka ta yi da aka ce sai ta je ta gyara, kakarta na zaune a benci riƙe da leda cike da takardu har da katin rigakafi na jarirai. Bayan sati uku ta dawo aka cike mata, ranar da alat ya shigo kakar da kanta ta kawo mana ƙosai gida. Mun kuma nuna wa 'yan aji uku na manyan makarantu masu kimiyya tallafin karatu na MTN Foundation, wanda ke son CGPA (matsakaicin makin ɗalibi) 3.5 zuwa sama, da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ga masu sha'awar digiri na biyu, muka ja kunnensu kar su ba wani ɗan kafe kuɗi da sunan zai saka su a lis.

Yanzu maganar da ba a so. Alkawarin saya wa marayu fom ɗin JAMB bai cika ba, rabi kawai muka iya, kuma naji ana ta gunaguni a guruf wai kwamiti ya yi barci. Da me za mu saya? Kuɗin wata naira 1,000 ne, wasu tun Janairu ba a ga ƙeyarsu ba, in na kira a ce "ina tuƙi zan kira ka", har yau ana tuƙin. Firinta ma da aka amince a saya ba a saya ba, farashin da aka kawo a farkon shekara kafin kuɗin ya taru ya tashi, ba wanda ya ci ko kwabo, littafin ma'aji na nan duk mai so ya zo ya duba. Jerin ɗalibanmu na manyan makarantu shi ma ya tsaya, wakilan unguwa biyu ne kawai suka kawo nasu.

Masu turo sitika da "Allah ya ƙara ɗaukaka" mun gode, amma addu'a da hannu ake haɗawa. Wanda ake bin sa kuɗin wata ya tura wa ma'aji kafin ƙarshen wata ya turo shaida ta wayata, domin JAMB na gab da fara sayar da fom kuma ni gaskiya na gaji da bin mutane shago-shago. A taro mai zuwa a zaɓi wanda zai karɓi aikin tara kuɗi.

Sakataren kwamiti