Wasiƙa daga Wusasa kan tambayar Bilatus

Wusasa, Zariya.

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Wasiƙarka ta iso, kuma na kwana biyu ina juya maganar da ka rufe ta da ita, inda ka ce zamanka cikin mutane masu addinai iri-iri ya sa ka fara tunanin ko gaskiya ba komai ba ce illa abin da kowa ya tashi ya tarar a gidansu.

Ba kai ka fara wannan tambaya ba. Bilatus, gwamnan da Romawa suka ɗora a kan Yahudiya, ya yi wa Yesu ita a Linjilar Yohanna 18:38, ya ce, "Mece ce gaskiya?" amma bai tsaya jin amsa ba. Abin da yake ba ni tsoro a labarin shi ne, har sau uku ya shaida wa taron cewa bai sami Yesu da laifi ba, duk da haka da aka tsorata shi da sunan Kaisar, sarkin Romawa, sai ya miƙa Yesu a gicciye. Ashe ba sani Bilatus ya rasa ba, tsayawa a kan abin da ya sani ne ya gagare shi.

Na ɗanɗana wannan shekara uku da suka wuce, lokacin da aka kira ni shaida gaban mai unguwa kan iyakar gona tsakanin kawuna da maƙwabcinsa. Tun ina yaro na san iyakar ita ce tsohuwar ɗorawar nan, na kuma san kawu ya ci kunya huɗu ya shiga gonar mutum. Yana zaune a kan tabarma yana murza hularsa, idonsa a kaina, sai na ji bakina ya bushe ƙaƙas. Na faɗi abin da na sani. Damina biyu bai amsa gaisuwata ba, sai bara da ya kwanta ciwo ya aika a kira ni. Lalle gaskiya ɗaci gare ta, amma a ranar nan ban ji ta kamar ra'ayin gidanmu ba, domin ra'ayin gidanmu yana bayan kawu, ita kuwa ɗorawar tana inda take.

Bangaskiyarmu ta wuce nan ma. A Yohanna 14:6 Yesu bai ce ya zo da gaskiya kawai ba, cewa ya yi shi ne hanya, shi ne gaskiya, shi ne kuma rai. Kalmar Ibraniyanci da ake fassarawa gaskiya, wato emet, tushenta ɗaya da "amin", kuma daga wannan tushen ne amana da aminci suka shigo mana ta hanyar Larabci. Saboda haka gaskiya a wurinmu ita ce abin da za ka jingina nauyinka a kansa bai kā da kai ba. Duk ranar Lahadi idan na ɗaga kai a cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa na 1929, na ga bakan gizon, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, wannan ma'anar ce take zo mini.

Abu ɗaya nake nadama a kansa. Na faɗi gaskiyar da zafi, ban fara zuwa wurin kawu a keɓe ba, alhali Manzo Bulus ya ce a Afisawa 4:15 a faɗe ta cikin ƙauna. Don haka ba na so ka raina maƙwabtanka masu wani addini; ka saurare su, ka yarda da duk abin da suka faɗa daidai.

Ina roƙonka ka karanta Yohanna sura 18 da 19 a zama ɗaya, sa'an nan ka rubuto mini abin da ka gani. Mama tana gaishe ka, tana kuma tambaya ko za ku zo Kirsimeti bana.

Naka,
amininka na Wusasa.